Wasiƙa daga Yamai: ciwon da ba a rubutawa a takardar likita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ciwo da ke cin ma'aikata a ƙasar nan, wanda ba a kiran sunansa a buro, ba a kiransa a gida. Ina nufin damuwar da aiki ke jawowa, da abin da take yi wa hankalin ma'aikaci da jikinsa.

Ni mutumin Adar ne, amma a Yamai na yi yawancin shekaruna na aiki, a wani kamfanin jigilar kaya mai manyan motoci da magaza da 'yan buro. Ni ke kula da magaza, kuma abokan aikina sun zaɓe ni wakilin ma'aikata. Wakilci ba ya ƙara wa mutum ko dala a albashi, sai dai duk wanda abu ya isa, gare ka yake zuwa. Wani ya tare ka a bakin masallaci bayan Azahar, wani ya biyo ka har gida da dare, ya zauna ya yi ta gaisuwa ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Takardun hutun rashin lafiya ma suna bi ta hannuna idan an samu gardama a kansu. Abin da ke rubuce a ciki kusan kullum iri ɗaya ne: masassara, hawan jini, ciwon ciki, ciwon kai. Amma idan na zauna da masu takardun, wata magana nake ji daban. "Ba ni barci." "Kaina ya cika." "Tunani ya yi mini yawa." "Da na hango ƙofar kamfani sai gabana ya faɗi." Akwai wanda ya ce mini shi yanzu ko ɗansa ya zo da gudu ya rungume shi ba ya jin komai a ransa, kuma wannan ya fi komai ba shi tsoro.

Ba ina cewa hawan jinin ƙarya ba ne. Gaskiya ne, kuma sau da yawa daga nan ya taso. Idan mutum ya ji tsoro ko ransa ya ɓaci, jikinsa yana sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, tsoka ta ɗaure. Allah ya yi wannan don mutum ya tsere wa haɗari, sa'annan jiki ya kwanta. To, ma'aikacin da shugabansa ke yi wa tsawa da safe, mai gidan haya ya kira shi da rana, ya kwana yana lissafin bashi, yaushe jikinsa zai kwanta? Watanni na tafiya, barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mantuwa ta shigo, fushi ya zo kusa. Daga nan sai kuskure a wurin aiki, kuskuren ya jawo takardar gargaɗi, takardar ta ƙara tsoro.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, sun bayyana a 2022 cewa a duk shekara ana asarar kwanakin aiki kimanin biliyan 12 a duniya saboda ciwon baƙin ciki da na fargaba, kuma kashi 15 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Tun 2019 OMS ta sa ƙarewar ƙarfi saboda aiki cikin kundinta, ta ce ana gane ta da abu uku: gajiyar da hutun dare ba ya kawarwa, jin aikin ya fita daga ran mutum har ya fara ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo ga wanda a da aka sani da ƙwazo. Ina iya nuna maka masu waɗannan alamu uku a farfajiyar kamfaninmu gobe da safe, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba.

Lissafin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na awoyin aiki. A 2021 hukumomin nan biyu sun ce mutum 745,000 ne suka mutu a shekarar 2016 kaɗai, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuwa ya fi da kashi 17. Yanzu ka duba maigadin da ke kama aiki da Magariba ya tashi bayan hantsi ya kusa, awa 12 kenan, dare shida a mako. Awa 72. Da rana kuma bai kwanta ba, yana kabu-kabu ko yana tura baro a kasuwar Katako don albashin bai isa ba. In ya faɗi wata rana sai a ce kwana ya ƙare. Kwana na Allah ne, babu mai musu, amma jadawalin gadi mutum ne ya rubuta shi.

Bari in tsaya a kan direbobi, don su na fi sani. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano da Gaya sun koma bin hanyar Lome, su ratso Burkina Faso, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Direba yakan yi makonni yana jiran ayari ya tashi, yana kwana ƙarƙashin mota, kuɗin guzuri ya ƙare, iyali na kira daga gida. In an tashi kuma, tafiya ce ta rai a hannun Allah. Wani direbanmu, dattijo mai natsuwa wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni zuwa Tawa ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya dawo daga irin wannan tafiya bayan ya ga abin da ba na son in bayyana a jarida. Bai ji ciwo ko ƙwarzane ba. Aka yi masa barka, aka ce ya huta kwana biyu ya koma. Bayan ɗan lokaci matarsa ta aiko ƙaninta wurina. Ta ce Malam ba ya barci, in ya runtsa sai ya zabura yana gumi, in yara suka buga ƙofa da ƙarfi sai ya miƙe tsaye yana haki, ya daina zuwa fada, ya daina cin abinci tare da kowa. A kamfani kuwa abin da aka gani shi ne ya fara ƙin ɗaukar mota, aka ce ya yi girman kai, har aka fara maganar sallama. Masana sun san wannan hali sarai, ciwo ne da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali, kuma yana da magani. Amma a tsarin aikinmu babu wurin da aka tanada masa. Motar da ya dawo da ita an kai ta gareji, an yi mata juyen mai, an duba taya da birki, an rubuta komai a littafi, domin an san in ba a yi ba za ta tsaya a daji. Mutumin da ya tuƙo ta babu wanda ya zaunar da shi ya ce, "Malam, me ka gani a hanya?"

Damuwar 'yan buro ba ta kai wannan ban tsoro ba, amma tana ci a hankali. Yarinyar da ke karɓar kuɗi, in lissafi ya gaza da jaka biyar daga albashinta ake cirewa, ko da kuwa cunkoson jama'a da ɗaukewar wuta ne suka jawo. Tana tashi tun kafin Asuba ta ɗora abin kari, ta shirya yara, ta tsallako gadar Kennedy daga Harobanda cikin cunkoso, in ta makara da minti goma a rubuta. Ta koma gida bayan Magariba, tukunya na jiranta. In ta yi ciki kuma sai ta ɓoye har ya fito, don tsoron kada a ƙi sabunta mata kwantiragi, alhali doka ta ba ta hutun haihuwa na mako 14. Ga kuma salula. A da in ka bar buro ka bar aiki. Yanzu kowane sarwisi na da zaurensa na WhatsApp, shef ya turo saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya ga ka buɗe, gobe ya tambaye ka dalilin da ba ka amsa ba. Ga zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke kaiwa digiri 45, masu lodi na ɗaukar buhu a magaza mai rufin kwano, a cikin azumi wani lokaci, sa'annan dare ya yi babu wuta babu iska.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwar tunani. Tun Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya koma jaka 42, daga jaka 30 da 'yan kai da aka daɗe a kai. An gode, amma kowa ya san abin da buhun shinkafa da kuɗin haya ke ci a Yamai. Kuma albashin ɗan Adar ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai tsohuwa a ƙauye, akwai ƙannen da ke karatu, akwai biki da suna da ta'aziyya, akwai ɗan'uwan da ya tafi cin rani Abijan ko Libiya ya bar iyali a hannunka. Ba na kuka da wannan, shi ne zumuncinmu kuma da shi muke tsaye. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ke ɗauke da wannan kaya, in aka jinkirta masa albashi da kwana goma, ba shi kaɗai aka jinkirta wa ba. Mai kamfani yana ganin ɗan jinkiri ne. Shi kuwa ma'aikaci ya canza hanyar da yake bi zuwa gida don kada mai kanti ya gan shi.

Amma in ka tambaye ni abin da ya fi karya ma'aikaci, cikin duk abin da na gani, zan ce wulaƙanci ne. Bahaushe yana jure yunwa, yana jure rana, amma a zage shi gaban 'ya'yan cikinsa, wannan ba ya fita. Na ga saurayi mai takardar jami'a yana yi wa sa'an mahaifinsa tsawa gaban masu lodi saboda takarda ɗaya ta ɓace. Dattijon bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, shef." Kowa ya yaba haƙurinsa. Ni da na raka shi gida na ga yadda hannunsa ke rawa har ya kasa kunna babur. Akwai kuma wulaƙancin da ba a jin ƙararsa: a daina gaishe ka, a daina kiranka taro, a ɗauke maka aiki a bar ka da tebur, ko a riƙa sauya maka wuri har ka gaji ka tafi da kanka. A Faransa irin wannan ya kai ga kotu. Kamfanin France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, ya so rage ma'aikata 22,000, shugabanninsa suka bi hanyar matsa wa mutane lamba don su tafi da kansu, ma'aikata da dama suka kashe kansu a shekarun 2008 da 2009. A Disambar 2019 kotu a birnin Paris ta kama tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da wasu manyansa da laifin gallaza wa ma'aikata. Hukuncin ya tabbatar da cewa tsarin gudanar da aiki kansa yana iya zama laifi, ba sai shugaba ya ɗaga hannu ya mari wani ba.

Mu a nan amsarmu ga duk wannan ita ce, "Yi haƙuri." Ina girmama haƙuri, da shi iyayenmu suka rene mu. Amma mun mayar da shi murfi. An koya wa namiji cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai ya haɗiye komai, in ya buɗe baki a ce ya cika raki. In ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, a ce imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana tana yi mini zafi, domin ba haka muka karanta ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma babu mai imanin da ya kai shi. Yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ya gaskata Salmanu lokacin da ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka na da haƙƙi a kanka, kanka na da haƙƙi a kanka, iyalinka na da haƙƙi a kanka. Game da waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum kuwa ya ce kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora musu a taimake su. Alhazan da ke da kamfanoni sun san waɗannan hadisai. Ina roƙon malamanmu, in sun hau mumbari sun yi wa ma'aikaci wa'azin amana da haƙuri, su juya su yi wa mai aikin nasa rabon.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu wakilan ma'aikata, shi ne dokar ƙasarmu ta riga ta yi magana. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumban 2012 ya sa awa 40 a mako, ya sa hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, ya ba ma'aikaci konje na kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki, wato kwana 30 a shekara. Ya ce kamfani mai ma'aikata 50 ya kafa kwamitin tsaro da lafiya a wurin aiki. Kuma ya ambaci damuwa da sunanta, tare da shan taba da giya da ƙwayoyi da cutar sida, cikin sababbin haɗurran da ke barazana ga lafiya a wurin aiki, ya ɗora wa mai aiki nauyin faɗakar da ma'aikatansa da ba su tallafin da ya shafi hankali da zamantakewa. Ranar da na karanta wa darektanmu wannan wuri, shiru ya yi, ya karɓi littafin ya duba da kansa. Ba mugun mutum ba ne. Bai sani ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa a kai. Na san kundin bai shafi ma'aikatan gwamnati ba, su da tasu dokar daban, kuma bai kai ga dubban masu aiki a gareji da kanti da gidajen mutane ba tare da takarda ba. Malamin kwantiragi da ke gaban yara fiye da kima a aji na zana, da ungozomar da ke kwana gadi ita kaɗai a asibitin ƙauye, su ma a nemo su a ji ta bakinsu. Amma ko inda dokar ta kai, a takarda take.

Akwai wani abu da ya fara shigowa manyan ma'aikatu wanda nake so in ja kunne a kansa. A ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ko 28 ga Afrilu, ranar tsaro da lafiya a wurin aiki, sai a kama zaure a otal, a kira masani ya koya wa ma'aikata yadda ake jan numfashi da motsa jiki, a raba riguna, a ɗauki hoto. Motsa jiki na da amfani, barci da wuri na da amfani, ni ma ina tafiya a ƙasa bayan Asuba kuma na ga ribarsa. Amma in Litinin ta zo jadawali bai canza ba, shef bai canza ba, albashi bai zo ba, to an mayar wa ma'aikaci da laifin ne, an nuna masa shi ne bai iya riƙe kansa ba. Ita kanta OMS, a cikin jagorar da ta fitar a 2022, abin da ta sa a gaba shi ne gyara tsarin aikin: yawan aiki, tsawon awoyi, mugun hali a wurin aiki, sa'annan horar da shugabanni su iya gane wanda ke cikin matsi su saurare shi.

A kamfaninmu, bayan doguwar ja-in-ja, mun samu 'yan abubuwa, kuma babu wanda ya ci kuɗi mai yawa. An ƙara maigadi ɗaya, kowa ya samu darensa na hutu. An yarda direban da ya dawo daga ayari ya yi kwanaki a gida kafin a sake ba shi mota, kuma in wani abu ya faru a hanya, a zauna da shi, in da bukata a kai shi ga likita a kuɗin kamfani. Lokacin zafi ana fara lodi da sassafe a tsaya kafin rana ta take. An daina tura saƙon aiki bayan Isha'i sai in mota ce ta samu matsala. An sa doka cewa faɗa da ƙaramin ma'aikaci a cikin buro ake yi, ƙofa a rufe. An tsayar da ranar albashi, in za a yi jinkiri a faɗa tun da wuri, a ba da awansi. Wannan na ƙarshe shi ya fi kwantar da hankalin mutane, domin rashin sanin ranar ya fi jinkirin kansa ciwo. Cirar kuɗi daga albashin masu karɓar kuɗi kuwa har yau muna kai, ba a yarda ba tukuna. Konje ma da sauran aiki, don akwai ma'aikatan da su da kansu suke roƙon a biya su kuɗi a madadin hutu, kuma ina gane dalilinsu, amma ina gaya musu ƙarfin shekara mai zuwa suke sayarwa.

Dattijon direban nan ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma sai da muka sha fama kafin ya yarda ya ga likita. Da ya ji an ambaci sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, wanda duk Yamai ta sani da Pavillon E, sai ya ce, "Ni kuke so ku mayar mahaukaci?" Wannan tsoro ba nasa ba ne shi kaɗai. Mutum ya gwammace a ce aljanu ne ko sammu, don waɗannan ba su zubar da mutunci, ba su hana 'yarsa aure. Ba na hana kowa addu'a da ruƙiyya, mun yi masa, kuma sun sanyaya masa zuciya. Amma mai karaya ma ana yi masa addu'a a kuma kai shi ga maɗori. Yawancin masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da ƙafarsu suke zuwa, a yi magana da su, wani a ba shi magani wani ba a ba shi ba, su koma gida. Maganin baƙin ciki ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki makonni, kuma ba a yanke shi sai da shawarar likita. An mayar da dattijon kan ƙaramar mota cikin gari na ɗan lokaci, albashinsa bai ragu ba, kuma abin da likita ya faɗa ya tsaya tsakanin mutum uku. Wannan sirri shi ne ginshiƙi. In ma'aikaci ɗaya ya buɗe cikinsa, gobe ya ji labarinsa a bakin mai shayi, babu wanda zai sake magana a kamfanin nan har abada.

Inda babu wannan hanya, mutane na nema wa kansu wata. Masu lodi da karnukan mota da 'yan kabu-kabu suna shan tramol don su iya aikin mutum biyu, da dare su sha ƙwayar barci daga hannun masu tallar magani don su sauko. Tramol na kama mutum, yana kuma jawo farfaɗiya in an sha da yawa, na ga yaro ya faɗi yana shure-shure a tsakar magaza. Muna zaginsu da 'yan ƙwaya, amma wanda ya ce a sauke tirela biyu kafin La'asar yana da nasa kason a ciki.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, ina roƙon mu riƙa duban fuskar juna. In abokin aikinka ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita ransa, barci da cin abinci sun rikice, ya janye daga mutane, kada ka tsaya ga "ya gajiya" da "babu gajiya". Ka ja shi gefe, ka ce, "Ɗan'uwa, na ga ka sauya, me ke faruwa?" Ka yi shiru ka saurara, kada ka yi saurin yi masa wa'azi. In kuwa ka ji ya ce gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabon kayansa yana neman gafara ba dalili, kada ka ce wasa yake yi, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Ka sanar da wanda ya yarda da shi a gidansu, ku kai shi asibiti a ranar.

Sandika-sandikanmu kuma, a ranar 1 ga Mayu suna miƙa takardar koke, albashi ne a sama kuma haka ya kamata. Ina so in ga an ƙara awoyin masu gadi, da hutun direbobi, da hukuncin shugaban da ke cin mutuncin na ƙasa da shi. Sufetocin ƙwadago, in sun shigo kamfani suna duba takardun CNSS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata, da hular kwano, su tambayi littafin konje, su tambayi yaushe kwamitin lafiya ya zauna na ƙarshe da abin da ya tattauna. Ma'aikatar lafiya ta ci gaba da horar da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka, domin ma'aikacin Abalak ko Keita ko Madawa ba zai iya zuwa Yamai duk lokacin da barci ya ƙi shi ba.

Kai kuma, ranka ya daɗe, roƙona gare ka biyu ne. Ka sa a fassara sassan nan na dokar aiki da Hausa a buga su a jaridarka, domin yawancin waɗanda aka rubuta dokar don su ba su karanta Faransanci. Sa'annan ka tura wakilinka inda manyan motoci ke tsayawa, da ƙofofin da masu gadi ke kwana, ya zauna da su ba tare da ɗaukar suna ko hoto ba. In yana bukatar mai yi masa jagora, adireshina na tare da wannan wasiƙa, ranar Asabar da yamma ina gida.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naka,
Wani wakilin ma'aikata,
Unguwar Bukoki, Yamai.